Dutsen da Aka Kifa: Ranar da Muka Sauka Grand Canyon da Yara Uku

Idan kin taɓa hawa Dutsen Dala, kin san tsarinsa. Da wahala ake farawa. Kina haki kina ƙirga matakala, in kin kai sama ki sha iska ki hango birni, sannan ki gangaro kina hira. A Kano na tashi, kuma haka na san dutse tun ina yarinya. Sai da na haura shekara talatin, da 'ya'ya uku, a wata ƙasa, sannan na gamu da dutsen da aka kifa shi. Shi wannan da gangara ake farawa, da safe, jiki da ƙarfi, yara suna tsalle. Hawan kuwa yana jiranki a ƙarshe, lokacin da rana ta take, ƙafa ta mutu.

Shekara shida ke nan muna zaune a Finiks, babban birnin jihar Arizona a Amurka, inda nake aikin jinya. A jihar ne Grand Canyon yake, wannan ƙaton kwazazzabo da kike gani a hotuna. Duk baƙon da ya zo mana daga gida sai ya tambaye mu ko mun je, mu kuma mu ce muna nan muna shiri. Da aka yi hutun makaranta a farkon watan Yuni, Abban yara ya ce shirin ya isa haka. Muka ɗauki 'yar farina mai shekara 12 (ki yi mini uzuri, har yanzu bakina bai saba da kiran sunanta ba, ƙannenta dai Yaya suke ce mata), da namijin mai shekara 9, da Auta mai shekara 5, muka kama hanya.

Abin da ido ya gani

Daga Finiks zuwa bakin kwazazzabon ta ɓangaren kudu kimanin kilomita 370 ne, tafiyar kusan awa huɗu a mota. Hanyar hawa take yi a hankali. Ka bar hamada mai zafi, ka wuce garin Flagstaff cikin dogayen itatuwa, har ka kai tudun da ya kai mita 2,100 sama da teku. Muka biya dala 35 a ƙofa, kuɗin mota ɗaya na kwana bakwai, muka ajiye mota, muka taka zuwa wurin hange da ake kira Mather Point gab da faɗuwar rana.

Gani ya kori ji. Kina tafe a ƙasa shimfiɗaɗɗiya, cikin bishiyoyi, ba alamar komai, kawai sai ƙasar ta ƙare. A gabanki rami ne da ido ba ya iya cinye shi, cike da duwatsu masu launin ja da ruwan ƙasa da fari, hawa-hawa kamar an jera tabarmi. Tsawonsa kilomita 446, wato kusan tafiyar Kano zuwa Abuja. Faɗinsa a wani wurin ya kai kilomita 29, zurfinsa kuma ya haura kilomita ɗaya da rabi. Kogin Kolorado ne ya yanka shi, kuma masana ilimin ƙasa sun ƙiyasta cewa aikin ya ɗauki shekara miliyan biyar zuwa shida. A 1919 gwamnatin Amurka ta mai da wurin gandun ƙasa mai kariya, a 1979 kuma UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Namijin nan nawa, wanda bakinsa ba ya hutawa, ya yi shiru na kusan minti ɗaya. Ni kuwa ban iya cewa komai ba sai tasbihi, hannuna riƙe gam da na Auta, don ba ko'ina ne aka sa shinge ba.

A daren muka kwana a Tusayan, ɗan ƙaramin garin da ke wajen ƙofar gandun. Na zauna na tsara komai a takarda, irin yadda nake tsara aikin dare a asibiti. Za mu bi hanyar Bright Angel, domin ta fi samun inuwa, kuma akwai famfo da banɗaki a rumfunan hutunta. Za mu fara sauka ƙarfe shida na safe. Za mu tsaya a rumfa ta farko, wadda take kilomita 2.4 daga sama, zurfin mita 340, mu ci abinci mu juyo. Kafin ƙarfe goma muna sama. Na zuba ruwa a gorori, na ƙulla gyaɗa mai gishiri, da dabino, da biskit, da dambun naman da na yi kwana biyu kafin tafiyar. Na sa jakar magani: bandeji, filasta, man kare fata daga rana, da ƙunshin gishiri da sukari irin wanda muke ba yara in suna gudawa. Abban yara ya leƙa takardar ya yi dariya ya ce, "Sista, wannan ai ko yaƙi za mu sai haka."

Gangara mai ruɗi

Ke uwa ce, kin san yadda ƙarfe shida take zama bakwai da rabi. Takalmin wannan ya ɓata, wancan bai shiga banɗaki ba, Auta ta ce ba wannan hular take so ba. Na ba kowa abin karin kumallo, na shafa wa kowa mai, na ɗaura wa kowa igiyar takalmi. Ni kuma na kurɓi shayi rabin kofi a tsaye. Ki riƙe wannan rabin kofin, za mu dawo kansa.

Bakin hanyar yana cikin ƙauyen Grand Canyon, kusa da tsohon ɗakin ɗaukar hoto na 'yan'uwan nan biyu, Kolb, da aka gina a kan gaɓa. Da sanyin safiya muka fara sauka, har da 'yar rigar sanyi a jikin Auta. Hanyar tana da faɗi daidai gwargwado, dutse a hannu ɗaya, rami a ɗayan, tana lanƙwasa tana komowa kamar zaren da ake saƙa. Dokata ɗaya ce: yara a ɓangaren dutse, manya a ɓangaren rami, kuma ba gudu.

Ba mu yi nisa ba muka ratsa ta wata ƙofa da aka fafe a jikin dutse. Da ka wuce ta, in ka ɗaga kai hagu, akwai zane-zanen jan launi a ƙarƙashin wata inuwar dutse, siffofin barewa da mutanen da suka fara zama a wurin suka bari. Hanyar kanta tasu ce tun asali. Ƙabilar Havasupai suna bin ta suna sauka zuwa wani wuri mai maɓuɓɓugar ruwa inda suke noma, har zuwa 1928 da aka tilasta wa na ƙarshensu barin wurin. Shekara da shekaru ana kiran wurin da sunan da baƙi suka laƙaba masa, sai a 2022 aka mai da shi Havasupai Gardens bisa buƙatar ƙabilar. Yaya ta karanta wannan a makaranta, ita ta ba mu labari muna tafe.

Duwatsun ma karatu ne. Na saman farar ƙasa ce mai ɗauke da ɓawon halittun teku, an ƙiyasta shekarunta sun kai miliyan 270. Ƙasa da ita akwai wani dogon bango fari tas, wanda a da tudun rairayin hamada ne, har yanzu ana ganin layin da iska ta bari a jikinsa. Daga nan sai jan dutse, wanda ƙurarsa ta rine mana safa da bakin siket kamar mun taka lalle.

Muka ci karo da ayarin alfadarai ɗauke da masu yawon buɗe ido. Ƙa'ida ita ce a ba su hanya: ki matsa jikin dutse, ki tsaya cak, ki yi shiru har na ƙarshe ya wuce, ki kuma bi umarnin mai jan ayarin. Auta ta toshe hanci saboda warin kashinsu, mutanen da ke kai suna ta dariya. Akwai kuma kurege, masu ƙiba da rashin kunya, da ke zuwa har gaban mutum suna roƙo. Kada ki bari yaro ya miƙa musu hannu. Cizonsu na cikin raunukan da aka fi kaiwa asibitin wurin, kuma doka ta hana ciyar da su.

Cikin awa ɗaya muka isa rumfar farko, ginin dutse da aka yi tun shekarun 1930. Famfo yana zuba, muka cika gorori. Yara suka ci gyaɗa da dabino. Kowa garau, ba wanda ya ce wayyo. A nan ne namijin ya ce, "Umma, ai ba mu gaji ba. Mu je ta biyun mana, ƙila mu hango kogin." Yaya ta goyi bayansa. Abbansu ya dube ni ya ce, "Sista, ke ce likitar tafiya. Me kika ce?"

'Yar'uwa, takardar tana cikin aljihuna. Allunan gargaɗi na wuce su da idona, kuma duk abu ɗaya suke faɗa: sauka ganin dama ce, hawa kuwa dole. Ma'aikatan gandun suna cewa ki ware wa hawa ninki biyu na lokacin da kika ɓata a sauka, kuma a lokacin zafi kada ki kasance kina tafiya tsakanin goma na safe da huɗu na yamma. Duk na sani. Amma na dubi fuskokin 'ya'yana, na ji ba na son in zama uwar da kullum ita ce mai cewa a'a. Na kuma ji wani abu da sai yanzu nake iya kiran sunansa, wato girman kai irin na ma'aikacin lafiya, mai ganin ciwo na wasu ne. Na ce, "To, mu je."

Rumfa ta biyu tana kilomita 4.8 daga sama, zurfin mita 645. Ki ƙiyasta bene mai hawa ɗari biyu, ki sauko ta matakala, sannan a ce miki babu lifta. Kuma abin da ya saɓa wa hankali shi ne, da kina sauka zafi yana ƙaruwa, kusan digiri uku a kowace mita ɗari uku. Mun isa wajen goma saura kwata. Kogin dai ba a ganinsa daga nan. Abin da muka hango can ƙasa shi ne koren bishiyoyin Havasupai Gardens, kamar ka miƙa hannu ka taɓa, alhali da sauran tafiya mai nisa. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Na waiwaya na ɗaga kai don in ga inda muka fito, sai da hulata ta kusa faɗuwa. A lokacin gabana ya fara faɗuwa.

Hawa

Ƙarfe goma da kwata muka juyo, daidai lokacin da aka ce kada a yi tafiya. Kwana uku kacal muka sha a hanyar Auta ta zauna a ƙasa ta ce ƙafarta ta ƙi. Abbansu yana ɗauke da babbar jaka da yawancin ruwan. Na warware mayafina na goya ta, kamar yadda aka goya ni, kamar yadda kika goya naki. Turawa suna wucewa suna murmushi, wata har ta tsaya tana tambayar yadda ake ɗaurin. Sai dai goyon jariri daban, goyon 'yar shekara biyar mai kilo goma sha takwas a kan hawa daban.

Iskar wurin busasshiya ce ƙwarai, irin ta watan Maris a gida. Gumi yana fita yana bushewa nan take, ba ki ganinsa, sai dai farin gishiri a jikin riga. Mai hawa cikin rana yana iya zubar da lita ɗaya ta gumi a awa guda, ko fiye. Na san haka, shi ya sa nake ta shan ruwa. Duk inda muka tsaya sai in ce kowa ya sha, in ɓare dabino in miƙa, in zuba gyaɗa a tafin kowa, ni kuma in ɗaga gora.

Wajen sha ɗaya da rabi kaina ya fara sarawa. Na ce rashin ruwa ne, na ƙara sha. Sai tashin zuciya. Sai na ji zoben hannuna ya matse, yatsuna sun yi suntum. Fitsari yana ta matsa mini alhali ban daɗe da yi ba. Ƙafafuna suka yi nauyi kamar an ɗaura musu turmi. Muka samu wata 'yar inuwa a gindin dutse, na sauke Auta, na zauna, na sake kai hannu ga gora.

Yaya ce ta riƙe gorar. Ta ce, "Umma, tun safe ban ga kin ci komai ba."

Na buɗe baki zan ce na ci, sai na tsaya ina lissafi. Rabin kofin shayi. Dabino ɗaya da Auta ta gutsura ta ƙi. Shi ke nan. Ruwa kuwa na sha ya fi lita uku.

Bari in yi miki bayani yadda nake yi wa masu jinya. Gumi ba ruwa ne zalla ba, da gishiri yake fita. Idan mutum yana zubar da gumi na awoyi, yana mayar da ruwa kaɗai ba ya cin komai, gishirin jininsa sai ya tsarke, kamar miyar da aka yi ta ƙara wa ruwa. Alamunsa na farko suna kama da na galabaita saboda zafi: ciwon kai, tashin zuciya, kasala. Shi ya sa yake da haɗari, domin mai shi yana zaton ƙishirwa ce, ya ƙara shan ruwa, ya ƙara wa kansa ciwo. Idan ya yi tsanani ruwan yana shiga ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, mutum ya rikice, ya yi jijjiga, har a rasa shi. Na yi jinyar masu wannan matsala da hannuna. Na sha rubuta adadin gishirin jininsu a fayil. Amma a jikina ban gane shi ba, sai da 'yar shekara 12 ta gane.

Na ajiye gorar. Na ci gyaɗa mai gishiri da dambun nama a hankali, ina yi ina hutawa saboda zuciyata tana tashi. Abbansu ya tsiyaya ruwa a hijabina da rigata har suka jiƙe sharkaf. Wannan dabara ce da ma'aikatan wurin suke koyarwa, kuma ke ma kin san ta: yadda randa take sanyaya ruwa in iska ta bugi jikinta mai laima, haka jiƙaƙƙen tufafi yake sanyaya mutum. Ya tsuguna a gabana ya ce, "Faɗa mini sunayen yaran nan da ranar haihuwarsu." Ni na koya masa wannan, don a gane ko hankalin mutum ya fara gushewa. Na faɗa daidai, har da na 'yar farin, wanda rabon da in furta shi a gabanta na manta. Ta sunkuyar da kai tana murmushi, idonta cike da hawaye.

Muna nan zaune wata dattijuwa ta gangaro, sanye da rigar masu aikin sa kai na gandun, da rediyon hannu a kafaɗa. Tun 1997 gandun yake da irin waɗannan ma'aikata da ke sintiri a hanyoyin lokacin zafi, aikinsu su tare matsala kafin ta zama ta ceto. Ba ta tambaye ni ko na sha ruwa ba. Tambayarta ta farko ita ce me na ci yau. Ta ba ni biskit mai gishiri daga jakarta, ta zauna da mu kusan minti ashirin tana jan yara da hira tana satar kallona. Da ta ji aikina, ta yi dariya ta ce ba ni ce ma'aikaciyar jinya ta farko da ta tarar a gindin dutse ba. Shawararta ita ce mu lallaɓa zuwa rumfar farko, mu zauna a can har rana ta karya, kada mu yi gaggawar fita.

Haka muka yi. Abbansu ya ɗora Auta a wuya, Yaya ta karɓi ƙaramar jakata, namijin ya zama mai ƙirga: taki hamsin, a tsaya a inuwa, a ja numfashi goma. In mutum ba ya iya magana yana tafiya, to saurin ya yi yawa. Wajen ƙarfe ɗaya muka kai rumfar. Muka yi kusan awa biyu da rabi a can, ƙafafu a kan jaka, muka yi sallah, muka cinye sauran guzurin. Ciwon kan ya sauka, zoben ya saki. Sai a lokacin na haɗa ruwan gishiri da sukari na riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan.

Da inuwa ta fara rufe hanyar muka tashi. Sannu ba ta hana zuwa. A wannan hawan na ƙarshe ne namijin ya nuna sama ya ce, "Umma, ga ungulu!" Wani ƙaton baƙin tsuntsu ne yake shawagi ba ya ko kaɗa fiffike, da fari a ƙarƙashin fikafikansa. Wani mai na'urar hangen nesa ya ce mana ungulun Kalifoniya ce, wadda faɗin fikafikanta ya kusa mita uku. A 1982 guda 22 kacal suka rage a duniya, aka kama su aka yi kiwonsu, aka fara sakinsu a arewacin Arizona a 1996. Abbansu ya ce, "Ta zo duba Sista ne, ta ga da sauran rai." Na ce zan rama in mun kai sama.

Ƙarfe biyar saura muka taka bakin hanyar. Tafiyar da na tsara ta awa huɗu ta ci fiye da awa tara. Akwai shagon askirim kusa da wurin, kowa ya sha biyu, ba wanda na hana.

In za ki je, ko in za ki wani wurin irinsa

Ga abin da zan gaya wa ƙanwata in ta ce za ta kai nata yaran.

Ki yanke wurin juyawa tun kina sama, ki faɗa wa kowa da baki, kuma ki juya a wurin ko da kowa yana jin ƙarfi. Jin ƙarfi a gangara ba shaida ba ce. Ga mai ƙananan yara, ƙofar dutse ta biyu ko rumfar farko ta isa, kuma abin da ido zai gani a nan ba kaɗan ba ne.

Ki duba agogo lokacin da kika fara sauka. In kin yi awa ɗaya kina gangara, ki sa a ranki awa biyu ce a gabanki, da yara ma fiye.

Watannin Afrilu, Mayu da Oktoba sun fi Yuni zuwa Agusta sauƙin zafi. A lokacin sanyi kuma ƙanƙara tana kwanciya a saman hanyar. Famfunan rumfunan ba duk shekara suke aiki ba, ana rufe su in sanyi ya shigo, kuma bututun yakan fashe. Ki tambaya a ofishin baƙi kafin ki sauka, ki kuma ɗauki ruwan da zai ishe ku ko da famfo bai kawo ba.

Ruwa da abinci tare suke tafiya. Duk lokacin da aka sha, a ɗan ci wani abu mai gishiri. A sha gwargwadon ƙishirwa, ba a yi ta ɗura ba.

Ki san alamun da ba a jira da su. Yaron da ya yi fari fat, jikinsa ya yi sanyi da danshi, yana kukan ciwon kai ko ɗaurewar nama, a kai shi inuwa, a jiƙa shi, a ba shi abinci da abin sha, a huta sosai. Wanda kuwa ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko bai gane ku ba, ko jikinsa ya yi zafi rau, wannan na gaggawa ne: a jiƙa shi a yi masa fifita, a aika neman taimako nan take. Akwai wayar gaggawa a rumfunan biyu, don wayar hannu ba ta da tabbas a cikin kwazazzabon.

Takalmi mai rufi wanda ƙafa ta saba da shi, hula mai faɗi, tufafi masu haske. Doguwar riga da hijabi ba su hana ni komai ba, sai ma kare ni da suka yi daga rana, amma ki sa wando a ciki kuma kada rigar ta riƙa jan ƙasa.

In kuma hawa ba naki ba ne, babu abin kunya. Akwai hanya shimfiɗaɗɗiya da ke bin gaɓar kwazazzabon, wani ɓangarenta ma ana tura keken jariri, ga motocin bas na kyauta da ke kai mutane wuraren hange.

Washegari muka kai yara ofishin baƙi, suka miƙa ɗan littafin da ake ba yara su cike game da duwatsu da dabbobin wurin, suka ɗaga hannu suka yi alƙawarin kula da gandun, aka maƙala musu bajo. Ni ina zaune a benci, cinyoyina kamar an yi musu dukan sakwara.

Na san da yawa cikin masu karanta wannan ba Arizona za su ba. Amma rabin kofin shayin nan, na tabbata kin san shi. Kin san ranar biki ko ranar suna da kika ciyar da gida guda, sai da dare kika tuna ba ki sa komai a cikinki ba. Kin san zaman jinya a asibiti, da layin awo cikin rana, da tafiyar gona da goyo. Mun taso muna ganin iyayenmu mata suna cin ragowa, muka ɗauka hakan shi ne iya reno. A gindin dutsen nan na ga ƙarshen lissafin: da na faɗi a wurin, da Abbansu ya rasa wanda zai ɗauka, ni ko Auta, kuma da yara uku sun kwana da abin da ba za su manta ba.

Yanzu in za mu fita, ko da wurin wasan yara ne na unguwa, Yaya takan tsaya a bakin ƙofa ta tambaye ni, "Umma, kin ci abinci?" In na ce eh, sai ta ce, "Me kika ci?" Namijin kuma ya riga ya fara maganar komawa, wai wannan karon har kogi. Na ce masa sai ya kai shekara goma sha biyar, kuma a watan Oktoba, kuma da takardata a hannu.